Darasi na Goma Sha Biyu: Cakulan, Fa'idarsa da Haddinsa

Daga cikin abubuwan ci da suka zo mana daga nesa, waɗanda kakanninmu ba su san ko sunansu ba, amma yau babu kantin da za ka leƙa a Lafiya, tun daga manyan shagunan da ke kan hanyar Jos da ta Makurdi har zuwa ɗan teburin mai alewa a ƙofar makarantar firamare, ba ka tarar da su ba, akwai cakulan. Wasu sukan saye shi a dunƙule su ci, amma mafi yawanmu a kofin shayi muke gamuwa da shi, domin garin nan mai launin ƙasa da mai shayi ke ɗebowa daga gwangwanin Bournvita ko Milo, tushensa ɗaya da cakulan. To, tun da yake a 'yan shekarun nan magana ta yawaita a rediyo da wayoyin hannu, ana cewa cakulan maganin hawan jini ne, yana gyara zuciya, yana kuma kore baƙin ciki, ya zama wajibi ga mai neman ilmi ya tsaya ya tantance, ya bambance abin da masana suka tabbatar da hujja da abin da masu talla suka ƙara wa gishiri, don kada magidanci ya zuba kuɗin cefane a kan zaƙi alhali yana tsammanin magani ya saya.

Asalinsa da yadda ya iso mana

Cakulan daga 'ya'yan wata itaciya ake yin sa, sunanta koko, ba kuwa kokon gero da muke sha da ƙosai ba. Itaciyar kurmi ce, mai son inuwa da laima da ruwan sama kusan duk shekara, saboda haka ƙasarmu ta Lafiya, duk da albarkar da Allah Ya yi mata ta doya da riɗi da rogo da shinkafa da mangwaro, ba a san ta da noman koko ba, domin dogon ranin nan namu da busasshiyar iskar hunturu ba su yi wa itaciyar daɗi. Asalinta Amurka ta Kudu, inda masu haƙo kayan tarihi suka sami ɓurɓushinta a jikin tukwanen da suka haura shekara 5,000 a ƙasar Ekwado. Daga baya mutanen Maya da na Aztek, a Meksiko da maƙwabtanta, suka riƙa niƙa ƙwayar suna damawa da ruwa da barkono, su sha da ɗacinta ba sukari, har ma ƙwayar kanta ta zama kuɗi a kasuwanninsu, kamar yadda wuri ya taɓa zama a namu. Manyan likitocin Musulunci na da, irin su Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, ba su ambaci koko a littattafan ɗibbu ba, domin a zamaninsu bai ƙetaro teku ba tukuna. Sai a ƙarni na 16 mutanen Sifaniya suka kai shi Turai, suka zuba masa sukari don ya shawu a bakinsu. A 1828 wani mutumin Holan mai suna van Houten ya fito da dabarar matse man ƙwayar a bar gari; a 1847 kamfanin Fry a birnin Bristol na Ingila ya yi cakulan na farko da ake gutsura a ci; a 1875 kuma Daniel Peter a Suwizalan ya haɗa shi da madara. Ku lura da wannan tafiya da kyau, domin a kowane zango zaƙi yana ƙaruwa ne, ɗaci yana raguwa.

A cikin ƙarni na 19 itaciyar ta iso tsibiran gaɓar Afirka, Sao Tome da Fernando Po, daga nan ta hau tudu. A Gana ana tunawa da wani maƙeri, Tetteh Quarshie, wanda ya dawo da iri daga Fernando Po ya shuka a 1879, kuma a wajajen wannan zamani ne aka soma dasa ta a kudancin ƙasarmu. Ta bunƙasa a ƙasar Yarbawa har kuɗinta ya gina dogon benen nan na Ibadan da ake kira Cocoa House, wanda aka gama a 1965, kuma a Ibadan ɗin ne cibiyar binciken koko ta ƙasa take tun 1964. Yau jihohin Ondo da Kuros Riba da Osun su ne kan gaba, a Arewa kuma ana samunsa a kurmin Taraba. Kwaddibuwa da Gana su biyu kaɗai suna fitar da fiye da rabin kokon duniya. Abin da ke sosa rai a nan shi ne, mu ke nomawa, mu shanya, mu ɗura a buhu mu aika ɗanye, a sarrafa a can a dawo mana da shi a takarda mai ƙyalli da tsada, har ya zamana akwai manoman da suka tsufa a gonar koko ba su taɓa sayen cakulan na kirki da kuɗinsu ba, ko da a shekarar 2024 da farashin tan guda ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya.

Wani abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne, masana tsirrai sun sanya koko da goro a dangi guda, kuma sinadaran nan biyu masu wartsake jiki, kafeyin da tiyobromin, suna cikin kowannensu, sai dai goro ya fi yawan na farko, koko kuma ya fi yawan na biyu. Ashe fataken da suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja ɗaruruwan shekaru, ɗan'uwan koko suke ɗaukowa.

Inda fa'idar take

Ƙwallon koko a jikin kututture da manyan rassa yake fitowa. Idan ya nuna aka fasa shi, sai a tarar da ƙwayoyi kamar 30 zuwa 40 a lulluɓe da wani farin abu mai yauƙi da tsami-tsami. Manomi yakan tara su ya rufe da ganyen ayaba kwana biyar zuwa bakwai, tsibin ya ɗauki zafi, ruwan ya tsiyaye, ƙamshi ya soma fitowa, sa'an nan ya baza a rana kamar mako guda har ƙwaya ta riƙa ƙara idan an damtsa. A masana'anta sai a gasa, a ɓare, a niƙa. Kusan rabin ƙwayar mai ne, sauran rabin kuma shi ne garin nan mai ɗaci da bauri.

A cikin wannan ɗaci da bauri fa'idar take. Akwai wasu sinadarai da ake kira filabanol, waɗanda idan suka shiga jini sukan taimaka wa bangon jijiya ya saki, hanya ta ɗan buɗe, jini ya gudana da sauƙi, zuciya kuma ta rage wahalar turawa. Abin da ya fara jan hankalin likitoci sosai shi ne al'ummar Kuna da ke zaune a tsibiran San Blas na ƙasar Panama, waɗanda Farfesa Norman Hollenberg na Jami'ar Harvard ya lura cewa suna shan kofuna da yawa na koko kowace rana, kuma jininsu ba ya hawa yadda na sauran jama'a ke hawa idan shekaru suka ja, amma 'yan'uwansu da suka koma birni suka bar wannan al'ada, sai suka zama kamar kowa. Wannan ishara ce mai kyau, sai dai ba ta kai hujja yankakkiya ba, domin wanda ya bar tsibiri ya koma birni ba koko kaɗai ya bari ba, ya bar kifi da tuƙa jirgi da tafiyar ƙasa, ya kuma ɗauki wasu ɗabi'u sababbi.

Saboda haka masana suka shiga gwaji na tahƙiƙi, watau a ba wasu koko mai filabanol, a ba wasu abin da ba shi da shi, a auna duka. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a 2017, sai ta sami cewa jini yana sauka, amma da kamar lamba 2 kacal a ma'aunin da ake ɗaura muku a dantse. Ku auna wannan da hankalinku: wanda awonsa ya kai 160, alhali ana so ya koma ƙasa da 140, lamba 2 ba za ta fisshe shi ba. Gwaji mafi girma shi ne wanda aka yi a Amurka aka bayyana sakamakonsa a 2022, inda aka bi dattawa fiye da 21,000 sama da shekara uku, ana ba rabinsu ƙwayar sinadarin koko. Adadin waɗanda ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka kama bai ragu ba yadda za a kafa hukunci a kai, ko da yake mutuwa ta sanadin waɗannan cututtuka ta ragu da kashi 27 cikin 100, abin da masu binciken da kansu suka ce yana bukatar a sake tabbatarwa. Kada kuma a manta, ƙwayar magani suka haɗiya, wadda ba sukari ba mai, ba alewa suka tsotsa ba. Hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta amince tun 2012 cewa miligiram 200 na filabanol a rana yana taimaka wa jijiya ta riƙe laushinta, kuma ana iya samun wannan a giram 10 na baƙin cakulan mai yawan filabanol, watau ɗan gutsure da bai wuce girman akwatin ashana ba.

Hukuncin da ya fito daga wannan duka a fili yake. Fa'idar gaskiya ce, amma ƙarama ce, kuma tana tare da kokon da bai rabu da ɗacinsa ba. Duk wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini, ya ajiye maganin ya kama cakulan, ya zalunci kansa da iyalinsa. Rage gishiri da magi a miya, da tafiyar ƙasa, da rage ƙiba, kowane ɗayansu ya fi cakulan aiki a wannan fage, kuma bai cin kuɗi.

Koko yana da wasu ma'adinai masu amfani, musamman maganiziyam da sinadarin ƙarfe mai gina jini. Amma a nan mutumin Lafiya ba shi da abin da zai yi wa kowa hassada, domin riɗin da jiharmu ta yi suna da shi, da gyaɗa da agushi da wake, duk cike suke da irin waɗannan ma'adinai, ganyen shayi kansa yana da filabanol, zoɓo kuma, idan ba a cika masa sukari ba, an gwada an ga yana ɗan sauke jini.

Batun nishaɗi da annashuwa

Cewa cakulan yana faranta rai, wannan babu mai musu, duk wanda ya miƙa wa yaro ya ga yadda fuskarsa ta washe ya shaida. Tambayar ita ce, daga ina farin cikin yake fitowa? Kashi ɗaya daga kafeyin da tiyobromin ne, masu kore kasala su ɗan buɗe ido, ko da yake abin da ke cikin gutsure guda bai kai na kofin shayi mai ƙarfi ba, balle na gahawa. Kashi mafi girma kuwa daga baki da hanci yake: man koko yana da wata ɗabi'a ta musamman, yana daskarewa a inuwa mai sanyi, amma yana narkewa kaɗan ƙasa da zafin jikin ɗan Adam, saboda haka da ya sauka a kan harshe sai ya malale, ƙamshi ya hau, zaƙi da maiƙo su haɗu, ƙwaƙwalwa kuma ta amsa da jin daɗi. An gwada wannan a Jami'ar Pennsylvania a 1994, inda aka ba masu kwaɗayin cakulan garin koko a cikin kwanson magani suka haɗiye ba tare da sun ɗanɗana ba. Sinadaran duk sun shiga jikinsu, amma kwaɗayin bai kwanta ba, sai da suka ci a baki. Wani gwajin da aka yi a Jamus a 2007 ya nuna cewa wanda aka ɓata wa rai, idan ya ci cakulan mai daɗi yakan ji sauƙi nan take, sai dai bayan kamar minti uku sauƙin ya gushe.

Wannan bai rage wa cakulan daraja ba. Ni'ima ce daga ni'imomin Ubangiji, kuma ɗan daɗin da bawa zai ji bayan wuni na wahala a gona ko kasuwa, ya gode wa Mahaliccinsa, ba abin rainawa ba ne. A ganina ma, mafi girman annashuwar da ke cikinsa tana wajen bayarwa: uban da ya dawo daga Abuja ya ciro tsaraba daga aljihu, ko miji da ya tuna da maiɗakinsa a hanya, ko ɗiyar da ta kai wa gyatumarta ranar Salla ko Kirsimeti, abin da ya shiga zuciyar wanda aka ba ya fi minti uku nesa ba kusa ba, domin an nuna masa ana tunawa da shi.

Amma akwai haɗari ga wanda ya mai da zaƙi mafakarsa, duk lokacin da ransa ya ɓaci sai ya nemi abin tsotsa, domin damuwar tana nan inda ya bar ta, ga kuma ƙiba ta ƙaru a kai. Baƙin cikin da ya zarce mako biyu, ya hana barci, ya hana cin abinci, ya sa mutum ya ƙaurace wa jama'a ko ya ji rayuwa ta fita daga ransa, wannan ciwo ne da likitoci suka sani, yana da magani, kuma babu kunya a kai ƙararsa asibiti. Tare da addu'a da zumunci da shawarar na gari, a kai irin wannan majinyaci wurin likita.

Abin da ke kasuwarmu

Yanzu sai mu dawo gida mu duba abin da muke saye. Cakulan iri uku ne. Akwai baƙi, wanda kokonsa ya kai kashi 70 cikin 100 ko fiye, mai ɗaci-ɗaci, shi ne wanda masana ke magana a kansa, kuma shi ne mafi tsada da wuyar samu, sai a manyan shaguna. Akwai mai madara, wanda kusan rabin nauyinsa sukari ne. Akwai fari, wanda man koko ne kawai da madara da sukari, babu garin a cikinsa, saboda haka babu filabanol da za a ambata. Ƙasa da waɗannan duka akwai 'yan alewoyin nan masu araha da ake sayar wa yara, waɗanda da yawansu an cire man koko an sa wani man a madadinsa, an barbaɗa ɗan gari don launi. Har ila yau, duhun launi ba shaida ba ne, domin wasu masana'antu sukan jiƙa koko da wani sinadari dangin kanwa don ya yi duhu ɗacinsa ya kwanta, wannan kuwa yana iya kashe fiye da rabin filabanol ɗin.

Ga amfanin karatun da kuke koyo. A bayan kowace takarda ko gwangwani akwai jerin abubuwan da aka haɗa, kuma ƙa'ida ita ce a fara rubuta wanda ya fi yawa, a bi da na biye da shi. Idan kuka ga sukari ne a farko, koko yana can na huɗu ko na biyar, kun san abin da kuka riƙe. Ku duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Musulmi kuma ya lura da waɗanda ake shigowa da su daga waje masu ruwa a tsakiya, domin akwai waɗanda ake ɗura wa giya. Zafin Lafiya na watan Maris da Afrilu yakan narkar da cakulan a kanti ya sake daskarewa, sai ka ga wani fari-fari a bayansa. Wannan man ne ya taso, ba ruɓa ba ce, muddin wa'adi bai wuce ba kuma bai canza wari ba.

Mu yi ɗan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce kamar giram 50, watau ƙaramin cokali 12, in kuwa ya tsaya a rabin haka ya fi alheri. Ƙaramin cokali ɗaya kamar giram 4 ne. Cakulan mai madara na giram 50 yana ɗauke da sukari kusan giram 25, cokali 6 ke nan a zama ɗaya. Sa'an nan ku tuna da teburin mai shayi da sassafe, lokacin da aka ce a haɗa kauri: a kamfato garin gwangwani cokali biyu ko uku, wanda dama da sukarinsa ya zo, a tsiyaya madara, a jefa ƙwayar sukari uku ko huɗu, a yi ta juyawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, a tura da burodi. Wanda ya karya da wannan, ya sha lemon kwalba da rana, ya wuce haddi tun kafin la'asar, ko da yana ganin kansa bai ci alewa ba. Baƙin cakulan ma ba a sake masa linzami, domin giram 100 nasa yana da kalori kusan 600, fiye da rubu'in abin da yawancin manya ke bukata a wuni. Malamai sun daɗe suna gargaɗi a kan israfi da cika ciki, likitocin zamani kuma ba su zo da abin da ya saɓa wa wannan ba.

Wanda ke son fa'idar ba tare da illar ba, hanya mafi sauƙi ita ce garin koko zalla marar sukari, irin wanda mata masu yin kek ke saye, a zaɓi mai haske-haske da ɗaci a kan mai duhu ƙirin. A dama ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a kunun gyaɗa ko na gero, a sa zaƙi kaɗan gwargwadon yadda zai shawu, a riƙa ragewa a hankali har harshe ya saba. Wanda Allah Ya hore wa baƙin cakulan kuma, gutsure ɗaya ko biyu sun wadatar.

Akwai waɗanda ya kamata su yi hattara. Mai ciwon suga kada ya shigar da shi cikin abincinsa sai da shawarar likitansa. Mai fama da ƙwannafi yakan ji ya tasar masa, haka wasu masu ciwon kai na ɓari guda, da wanda aka taɓa samu da tsakuwar ƙoda. Mai wahalar barci ya guje shi da dare. Yaron da bai kai shekara biyu ba, ba ya bukatar sukari ko kaɗan, manyan yara kuma a ba su bayan abinci, a sa su wanke baki, domin ruɓewar haƙori daga zaƙin da ya kwana a baki take farawa. Masu karnukan farauta ko na gadi su sani tiyobromin guba ne ga kare, yana iya kashe shi.

Aikin da za ku yi kafin zama na gaba shi ne, kowannenku ya zo da takardar cakulan ko gwangwanin abin shayi guda daga gidansa, mu karanta jerin abubuwan da ke ciki tare, mu lissafa cokali nawa na sukari ke shiga cikin iyalinsa a mako. Wanda kuma ya haura shekara arba'in bai san awon jininsa ba, namiji ko mace, ina roƙonsa ya biya ta babban asibiti ko ƙaramin asibitin unguwarsu a auna shi, ya rubuto lambobin biyu da hannunsa a littafinsa ya zo da su.